Bhagauti Ya Aurar da Babuna

Duk wanda ya bi ta bakin gonar Bhagauti a lokacin da babuna ke fure, abu ɗaya yake gani: dattijo a tsugune da ƙyallen baƙar laima a hannu, yana kama furanni yana karkaɗawa a kan ƙyallen, ya leƙa, ya ja tsaki, ya matsa gaba. Haka yake yi shekara da shekaru, tun da ya bar aiki a gonar gwajin iri ta birni, inda ya ƙare ƙuruciyarsa yana yi wa masu bincike ban ruwa da cirar ciyawa. Mutanen ƙauyensa Kherwa sun gaji da tambaya sun koma tsokana. Mata masu tsinkar fure in sun zo wucewa sai su ce, "Baba, yau an samu?" Shi kuwa ko kai ba ya ɗagawa, sai dai ya ce, "Ku dai ku yi tsinkarku."

Abin da yake nema shuka ce wadda furenta ba ya fitar da gari, wato rawayar ƙurar nan da ke sa fure ya yi iri. Babunar nan da muke shanyawa a yi shayi, ko a tatsi mai shuɗi a jikinta, kowane kan fure nata ɗauke yake da mace da namiji a cakuɗe, ƙanana ƙwarai, ba hannun da zai iya raba su. In kana son haɗa iri biyu ka kawo garin wannan ka zuba wa wancan, wahalar banza ka yi, don ba ka da tabbacin garin gida bai riga naka isa ba. Amma a cikin dubban shuke-shuke akan dace da guda wadda ɓangaren namijinta ya mutu. Irin wannan, duk ɗan da ta haifa na mijin da ka ba ta ne, kuma 'ya'yan haɗi sukan fi iyayensu ƙarfi da yawan fure. Bhagauti ya ji wannan bayani a bakin masu bincike tun gashinsa yana baƙi, ya shiga ransa ya ƙi fita.

Ya same ta ne bayan Holi, bikin watsa wa juna launi, launin bikin bai ma gama fita daga kunnuwan mutane ba. Ya karkaɗa furen, ƙyalle ya tsaya baƙi ƙirin. Ya kama wani kan na jikinta ya karkaɗa, haka. Ya murza da babban yatsa, yatsa ya fito tsaf. Sai ya zauna daɓas a kan kunyar gona. Da ya dawo hayyacinsa ya tsinke duk furannin da suka riga suka buɗe, tunda ƙuda ya riga ya taɓa su, ya bar ƙullallun, ya tuge duk shukar da ke kewaye da ita, ya nufi gida da saurin da rabonsa da shi tun yana saurayi.

Matarsa Sursati tana bakin murhu ta ga ya wuce ɗaki ya fito rungume da gidan sauronsu.

"Ina za ka da shi?"

"Na same ta."

"Wa ka samu?"

"Wadda ba ta da gari."

Sursati ta dube shi, ta leƙa gadon da ya tsiraita. "Wato ita za ta kwana a gidan sauro, mu mu kwana da sauro."

"Ƙuda da ƙudan zuma ne ke kai gari daga fure zuwa fure. In suka taɓa ta, na yi asara."

"Baban Nirmala, ko 'yar da ka haifa ba ka tsare ta haka ba."

Ya kafa sanduna huɗu, ya ɗaura gidan sauron, ya danne gefensa da ƙasa. Sai da ya gama ya miƙe yana kallon aikinsa sannan murnar ta fara raguwa, don samun shukar rabin aiki ne. Babuna kaka ɗaya take rayuwa. Da iskar zafi ta taso daga yamma za ta bushe, in kuwa ta bushe ba a ba ta miji ba, ta tafi ba ɗa, shekarun tsugunon nan duk sun bi ruwa. Zai iya ba ta garin gonarsa, amma me za a samu? Irinsa manyan fure ne masu kyan gani, mai kuma kaɗan, shi ma tsararo. Irin da ke da mai shuɗi shar, mai ƙamshin da ke bin mutum har gida, gona ɗaya ce ke da shi a duk yankin, ta Jagesar, yayan Sursati, a ƙauyen da ke ƙetaren magudanar ruwa.

A nan gizon yake. Mu nan, wanda ya ba da mace shi ne a ƙasa. Jagesar shi ya riƙe Sursati bayan rasuwar ubansu, shi ya ɗaura mata aure, don haka ko da ya girmi Bhagauti, in Bhagauti ya je gidansa shi ke sunkuyawa ya taɓa ƙafarsa, ya shimfiɗa masa gado mafi kyau, ya tsaya yana yi masa fifita. In kuma shi ya zo gidan ƙanwarsa, a gindin darbejiyar ƙofar gida yake zama da gorar ruwansa da ya taho da ita, don wanda ya aurar da 'ya ba ya cin abincin gidanta, ko ruwan gidan ba ya sha. Abin da ka bayar ka bayar, ba ka komawa ka ɗanɗana. Bhagauti kuwa, a faɗi gaskiya, girman nan yana yi masa daɗi fiye da kima. Shekara talatin da ɗoriya yana miƙe ƙafa ana taɓawa, Jagesar yana kiransa Ango har yau da furfura, shi kuma yana rama alherin da kiran furannin Jagesar idon kaza saboda ƙanƙantarsu. Ya faɗa a kasuwa, ya faɗa a wurin tatsar mai, ya faɗa a gaban mai gonar.

Yanzu ya buɗe baki ya roƙi idon kaza? Ina. Washegari da sassafe ya hau kekensa ya ƙetare gada, ya jingine shi a bakin gonar Jagesar, ya duba gabas ya duba yamma, ya tsinki furanni cikin tafin hannu ya cusa a ƙarƙashin hularsa. Yana juyowa ya ga mai gona a tsaye da fartanya a kafaɗa.

"Ango, kai ne da sanyin safiya haka? Ba aike ba sanarwa?"

"Wucewa nake yi."

"Ango ba ya wuce gidanmu."

Jagesar ya sunkuya ya taɓa ƙafarsa, ya karɓi keken ya tura da kansa har gida. Aka fito da gadon igiya, aka kawo shayi mai zafi, Jagesar ya ɗauki mafici ya tsaya a kansa. Rana ta fara ɗagawa. Gumi ya tsatso wa Bhagauti, furanni suka ɗumama a ƙarƙashin hula, ƙamshi ya cika tsakar gida. Ya ɗaga hannu zai share goshi, hula ta karkace, fararen ganyen fure suka zubo masa a kafaɗa.

Jagesar ya ci gaba da fifita na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Ango, kanka ya fara fure."

Ba yadda Bhagauti ya iya, sai ya yi bayani. Ya yi shi da dogon Turancin da ya tsinto a gonar gwaji, ko zai rufe kunyar, amma Jagesar manomi ne, ya tsince tsakuwa daga cikin shinkafar.

"Tsaya in gane. Taka mace ce."

"A maganar iri, uwa ake ce mata."

"Nawa kuma namiji."

"Uba."

"Kuma kai ne ka tako har gonata kana nemar mata shi."

Jagesar ya ajiye maficin a hankali. Ya zagayo ya zauna a kan gadon, abin da bai taɓa yi ba in Bhagauti yana kai, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya gyara gashin baki.

"To, uban yarinya, ba ta cikin hula ake neman miji ba. Ka san yadda ake yi, ai ka yi wa Nirmala. Ka zo da alawa da kwakwa, ka zauna inda uban yarinya yake zama, mu ji ko ɗana yana so. Ka kuma hanzarta, don tsinka ɗaya ta rage mini in sa garma in juye gonar. Na'a-na'a tana jiran wurin."

Bhagauti ya koma gida yana huci. Ya zayyana wa Sursati duka, yana jiran ta taya shi fushi, sai ta zauna a kan turmi ta yi ta dariya har da riƙe ciki.

"Yayanki ne," in ji shi. "Ki je ki karɓo mini. Cikin hannu ɗaya kawai."

"Ka taɓa ganin uwar yarinya ta tafi neman miji, uban yana gida a zaune?"

"Ni in zauna a ƙasa a gaban Jagesar?"

"Shi da ya yi ta zama a gabanka, ƙasar ta cije shi ne?"

Ya rantse ba zai je ba. Ya yi ta maimaita rantsuwar ga bango, ga saniya, ga duk wanda ya tsaya. Amma kullum safiya in ya leƙa cikin gidan sauron sai ya ga ƙullallun sun ƙara buɗewa, tsakiyarsu rawaya tana tasowa, suna jiran abin da ba zai zo da kansa ba. Ran nan da hantsi iska ta kaɗa gidan sauron, ya ji ta a fuskarsa da ɗumi. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda ke sa girman kai ya zama abin dariya. Ya koma gida ya sa fararen kayansa, ya sayi alawar laddu a wurin mai alawa, ya ɗaure kwakwa a jan ƙyalle. Sursati ta ga fitarsa, ta gyara masa wuyan riga.

Jagesar bai tausaya masa ba ko kaɗan. Ya tara dattawan unguwarsa, ya hakimce a kan gado, aka shimfiɗa wa Bhagauti tsohon buhu a ƙasa. Ya zauna, gwiwoyinsa suna ƙara, ya tura alawar gaba.

"Me ke tafe da kai?" in ji Jagesar, kamar bai taɓa ganinsa ba.

"Ina da yarinya."

"Kowa yana da yarinya. Tana da lafiya?"

"Lafiya lau."

"Na ji an ce a rufe take, ko ƙuda ba ya ganinta. Tarbiyya ce ko wani abu ake ɓoyewa?"

Dattawa suka fara murmushi a cikin gemu. Bhagauti ya ce tarbiyya ce.

"Akwai magana ɗaya da ta dame ni," in ji Jagesar. "An ce a ƙauyenku akwai wani tsoho da ke kiran ɗana idon kaza. Ba na kai ɗana inda za a raina shi."

"Tsohon nan bai san abin da yake faɗa ba."

"Ɗaga murya, dattawan nan kunnensu ya yi nauyi."

"Na ce bai san abin da yake faɗa ba. Duk yankin nan ba irin da ya kai naka mai. Ya sani tun da daɗewa, baƙin ciki ne ya hana shi faɗa."

Wannan ƙarshen ba a tambaye shi ba, fitowa ya yi da kansa. Jagesar ya ɗan dube shi, sannan ya miƙo ƙafa. Bhagauti ya sunkuya ya taɓa, bayansa ya yi ƙara, wani dattijo ya ce a rubuta ranar nan a bango.

"Na ba da ɗana," in ji Jagesar. "Ko rupi ɗaya ba na so. Amma ango ba ya zuwa gidan amarya a aljihu. Gobe da safe za mu zo da 'yan rakiya da ganga, ka tarbe mu, ka ciyar da mu yadda ake ciyar da dangin ango."

Bhagauti ya amsa da to, a ransa kuwa cewa yake mutumin nan bai ƙoshi da wulaƙanta shi a ƙauyensu ba, sai ya biyo shi har Kherwa.

Haka kuwa aka yi. Rana tana fitowa aka ji ganga daga bakin gada. Ga amalanken shanu an yi wa shanun ado, ga ango a kai, wato shukar babuna mafi kyau a gonar Jagesar, an tuge ta da ƙasarta an dasa a tukunya, an naɗe tukunyar da rawayan ƙyalle. Tsofaffi suna tafe a gaba suna rawa iya abin da ƙugu ya yarda. Duk Kherwa ta fito kallo. Matan tsinkar fure suka jeru a bakin hanya suna rera waƙoƙin zagin dangi da ake yi a biki, wannan karon da sunan Bhagauti a ciki. Shi dai ya rataya wa Jagesar sarƙar furanni ta tarbar baƙo a wuya, ya ce a yi sauri, garin fure da safe yake sauka.

A gona Jagesar ya ɗaga gefen gidan sauron, Bhagauti ya rarrafa ciki da tukunyar. Ya fara gwada ango a kan baƙin ƙyallensa, ƙyalle ya yi rawaya. Ya kama kan fure na tukunya ya goga a kan na amarya, a hankali, ɗaya bayan ɗaya, har ya bi duk waɗanda suka buɗe. Ganga tana ta yi a waje amma bai ji ta ba. Da ya gama ya matso da ido ya ga garin ya kama, ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Ya gyara wa tukunyar zama kusa da amarya, ya zuba mata ruwa. Ya san da ƙasarta a jikinta za ta ci gaba da ba da gari har amarya ta gama fure. Bukatarsa ta biya.

Saura ciyarwa. Sursati tun asuba take soya gurasa, ta yi miyar kabewa da shinkafa da madara, an jera farantan ganye a tsakar gida. Ta kuma ajiye wa yayanta kujera a gindin darbejiya kamar kullum. 'Yan rakiya suka shiga suna wanke hannu. Jagesar ya zo daidai kujerar, bai ko kalle ta ba, ya tsallaka dokin ƙofa, ya wanke hannu, ya zauna a kan layi a gaban faranti na farko.

Sursati ta fito da kwandon gurasa ta tsaya cak.

"Yaya, kai fa..."

"Wane yaya? Uban ango ne. A zuba mini."

Ta dubi mijinta, ta dubi dattawa. Mafi tsufa a cikinsu ya ce, "Gaskiyarsa. Yau karɓa ya zo yi, ba shi ya bayar ba. Zuba masa, 'yar nan."

Ta durƙusa ta zuba. Gurasa ɗaya ta suɓuce mata ta faɗi gefen faranti, ta ɗauka ta sake sa wata. Jagesar ya gutsura ya dangwali miya ya kai baki. Ya daɗe yana taunawa, kansa a ƙasa.

"Rabona da girkinki tun kina ƙona gurasa ki ɓoye a ƙarƙashin kwando," in ji shi. "Gurasar ta gyaru. Gishiri ne har yanzu hannunki bai daidaita ba."

Ya nemi ruwa. Ta kawo masa a kofin tagulla daga randar gidan, ya shanye tas ya miƙa mata a ƙara. Sursati ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna motsi, ta koma madafa da sauri kamar wani abu yana ƙonewa.

Bhagauti yana tsaye a bayan Jagesar da mafici, tunda yau fifitar tasa ce, sai hannunsa ya tsaya. Yanzu ya gane abin da alawar da buhun da gangar suke nufi. Kunya ta kama shi, ba irin ta jiya ba. Duk shekarun nan yana wuce mutumin nan a gindin darbejiya da gorar ruwansa, ƙamshin girkin ƙanwarsa yana fitowa ta kan katanga, bai taɓa tsayawa ya yi tunanin yadda abin yake a ransa ba, ko a ranta.

Jagesar ya cinye, ya karɓi ƙari, ya suɗe yatsu. Da aka zuba masa ruwan wanke hannu ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "To, uban amarya, biki ya ƙare ke nan."

Bhagauti ya gyara murya. "Ina fa. Shukar da aka tuge yini ɗaya take ba da gari. Furen amarya kuma ba rana ɗaya yake buɗewa ba. Gobe da sassafe sai ka kawo wani. Jibi ma haka, har ta gama."

Jagesar ya ɗago ya dube shi. Mutumin da ya tsufa a gonar babuna ya san abin da shuka a tukunya take iyawa, ya gane dalilin dawowa kawai ake nema masa.

"Na'a-na'ata fa?"

"Ta jira."

Jagesar ya goge hannu da tawul ɗin wuyansa, ya goge ido da shi kamar gumi ne.

"To, zan zo. Amma a rage gishiri."

Daga cikin madafa Sursati ta ce ba za a rage ba.